Gwajin Manhaja: Na Hannu ko Na Na'ura?

Masu son shiga sana'ar gwajin manhaja suna yawan tambayata ko su fara da gwaji da hannu, ko su koyi rubuta umarnin da kwamfuta za ta riƙa yin gwajin da kanta.

Ta fuskar kuɗi, na hannu ya fi sauƙin farawa, domin jarinsa ido mai lura ne da sanin halin masu amfani da manhajar. Na na'ura kuwa, duk da cewa kayan aikinsa irin su Selenium, wanda ya fito a 2004, da Playwright na Microsoft kyauta ne, yana cin lokaci wajen rubutawa, kuma duk sanda aka sauya fasalin shafi sai an koma an gyara umarnin. Amma idan ya zauna, yana maimaita ɗaruruwan gwaje-gwaje cikin dare ɗaya. Rauninsa shi ne abin da aka ce ya duba kaɗai yake dubawa. Maɓallin da ke rikita mutane ba zai dame shi ba.

Sabuwar manhajar da fasalinta bai daidaita ba ta fi dacewa da mai gwajin hannu. Manhajar banki da ake sabuntawa a kai a kai, wadda dole a sake tantance lissafinta kowane lokaci, ta fi buƙatar na'ura.