GARGAƊI: Mai sayar da zanen Arhat na bogi daga Kathmandu

Jama'a, dala 1,800. Dala 1,800 wani mai shago a Kathmandu, babban birnin Nepal, ya karɓe min kan tanka guda (zanen addinin Buddha a kan ƙyalle), wai tsohon zanen Tibet ne mai shekara 150, ɗaya daga cikin Arhat 16, almajiran Buddha da ake zanawa zaune a gindin itace, ga duwatsu shuɗi da kore a bayansu.

Kada wani ya ce ban san kayan ba. Tanka ta gaske a ƙyallen auduga ake yin ta, a shafe shi da alli da aka kwaɓa da gam ɗin fata, a goge da dutse mai santsi. Shuɗin da koren niƙaƙƙen dutse ne, azurayit da malakayit, suna da gari-gari, ba sa ƙyalli. Wadda ta iso min sulɓi gare ta kamar leda, fentin roba ne. Na ɗora gilashin ƙara girma a fuskar, sai ga layukan ɗigo-ɗigo: na'ura ce ta buga, aka bi da fenti a kai. Zinariya ba ta sauya launi, amma ta bakin rigar wanda aka zana har ta fara kore. Garin tagulla ne.

Abin da ke ci min rai shi ne kiran bidiyon da muka yi da mai shagon. Ya juya bayan zanen a hankali, ya nuna min haruffa uku da jan tawada, Om, Ah, Hum, waɗanda ake rubutawa a bayan tanka don tsarkake ta. A nan na saki jiki. A nan! Ƙa'ida ita ce su faɗo daidai goshi, maƙogwaro da ƙirjin wanda aka zana. Da na ɗaga ƙyallen a rana, ɗaya a kan reshen itace ya faɗo. Daƙiƙa nawa ma ya nuna min? Tun kafin nan, ko bayan na tura rabin kuɗin ne, ya ce zai aiko ta kamfanin kai saƙo ba wata takarda, alhali dokar Nepal ta hana fitar da kayan tarihin da suka haura shekara 100. Datti kuwa launi ɗaya gaba da baya, turare shi aka yi da hayaƙi.

Dala 1,800, yanzu ya toshe lambata. Hotunan hirarmu da rasit suna nan, zan sa su da daddare.

Ku nemi hoton kusa na fentin da takardar Sashen Kayan Tarihi na Nepal. In ya ƙi, kada ku tura ko sisi.