Ƙamus ɗin Turner a intanet: yana kai ka tushen lambobin Hindi, amma bai ƙetara zuwa Iran ba

Mai neman asalin kalmomin ƙidaya a harsunan Indiya zai ci moriyar ƙamus ɗin kwatanci na R. L. Turner, wanda aka kammala bugawa a 1966, Jami'ar Chicago kuma ta ɗora shi a intanet kyauta. Sai dai ba a shigarsa ta ƙofar Hindi ko Urdu. An jera kalmomin ne da Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kowacce da lambarta, jikokinta na harsunan baya na biye da ita.

Ɗauki bakwai. Ka nemi saptá, za ka ga Pali satta, Panjabi satt, Hindi sāt. Tarihin ke nan a layi guda: pt ya koma tt, daga baya Hindi ta sauke baƙi ɗaya ta ja wasali. Goma sha tara ta fi daɗi: unnīs ta fito daga ūnaviṁśati, wato ashirin ba ɗaya. Haka ekādaśa, goma sha ɗaya, ta zaizaye har ta zama gyārah, d ta rikiɗe r. Shi ya sa ɗalibin Hindi ke haddace ɗaya zuwa ɗari ɗai-ɗai.

Inda ake tuntuɓe shi ne ɗigo da alamomin haruffa. Shida ṣáṣ ce. Wanda ya buga sas kai-tsaye zai iya komawa hannu rabbana. Gara a bincika cikin bayanin gaba ɗaya da kalmar zamani, sannan a bi ta koma uwarta. A kuma karanta jadawalin gajerun sunaye tukuna, don P. Panjabi ce, Pa. Pali, Pk. Farakirit (biyun nan harsuna ne na tsakanin Sanskirit da na yau). Kalma mai tauraro hasashen masana ce, ba a same ta a rubuce ba.

Babban giɓinsa ɓangaren harsunan Iran, 'yan uwan na Indiya. Ba zai zauna ya bayyana maka yadda s ta zama h ba, har saptá ta dace da hapta ta Abesta (tsohon harshen Iran) da haft ta Farisanci, ko sahásra (dubu) da hezār. Haka batun kalmomin aika (ɗaya), panza (biyar) da satta (bakwai) na rubutun horar da dawaki na Kikkuli, ɗan tsohuwar daular Mitanni, rubutun da aka tono a Hattusa, a Turkiyya ta yau. Kalmar aika ɗin na nuna reshen Indiya ne, tunda Abesta aēva take cewa. Wannan sai ƙamus ɗin Manfred Mayrhofer mai juzu'i 3, shi kuma da Jamusanci yake.