Lagireton baƙin mai: a bar filta a wurinta ko a ɗauke ta?

Wani ɗan ƙungiyarmu daga Daura ya yi tambaya. Yana da Corolla ƙirar 2006, yana zirga-zirga da ita tsakanin Daura, Katsina da Kano, kuma da bazara in ya yi doguwar tafiya ya tsaya, fitilar mai takan riƙa kyaftawa. Yana son ya sa wa baƙin mai ƙaramin lagireto, wanda makanikai ke ce wa oyil-kula. Wani ya ce masa ya sa faifai mai fitar da tiyo zuwa lagireton tsakanin injin da filtar mai, wani ya ce ya ɗauke filtar gaba ɗaya zuwa wani wuri. Wanne ya fi?

Malam, kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka sa geji mai auna zafin baƙin mai. Baƙin mai ya fi yin aikinsa tsakanin digiri 90 zuwa 110, kuma sai ya haura 120 ya daɗe a can ne mai na yau da kullum yake fara lalacewa da sauri. Kyaftawar fitila kuwa ba zafi take aunawa ba, ƙarfin turin mai take aunawa. In metal, wato gammon ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansa, ya ci, ko famfon mai ya gaji, ko man da ake juye maka da shi ba na kirki ba ne, lagireto ba zai gyara ba. Zai ma ƙara wa famfon tafiya, turin ya ƙara raguwa. A kuma duba ruwa da fanka, don motocinmu da yawa an daɗe da cire masu tamastat an jefar.

To, a ce an auna a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke wuce digiri 40, an ga man yana kai 125 a hanyar Kano.

Hanyar faifai ita ce mai sauƙi. Ana kwance filta, a ɗaura faifan alminiyam mai kaurin kusan inci ɗaya a jikin injin, a mayar da filtar a kansa. Tiyo biyu ne ke fita daga faifan zuwa lagireton da ke bayan bamba, wato bakin tiyo huɗu ke nan. Hanyar ɗauke filta kuwa, murfi mai ƙofa biyu ake ɗaurawa a gurbinta, tiyo ya kai mai zuwa sabon mazaunin filta, wani ya kai shi lagireto, na uku ya dawo da shi injin. Baki shida, ga kuma sabon mazaunin da sai an yi masa ƙafa mai ƙarfi. Duk bakin tiyo wurin yoyo ne, kuma da sanyin safiya turin mai yakan kai bar 5 a ma'aunin ƙarfin turi, ko fiye. In ɗaya ya fizge kana tsakanin Kazaure da Daura, lita huɗun da ke cikin injin nan ba za su yi minti guda ba, sai nokin.

Da wannan lissafi faifai ya ci. Amma akwai inda yake da rauni a motarka. Filtar injin 1ZZ a ƙasa take ta gaba, tana kallon ƙasa, faifai kuma zai ƙara sauko da ita. A kan kwalta ba damuwa. In kana shiga hanyoyin ƙauye da kaya ranar kasuwar Mai'aduwa, sai a auna a tabbata ba ta sauko ƙasa da kaskon mai ba. A nan ne ɗauke filta ke da amfani na gaske: a ɗaga ta sama inda dutse ba ya kaiwa, a tsayar da ita bakinta sama don ta kwana cike da mai, har ma a sa wadda ta fi girma. Haka nan motar da filtarta ke maƙale kusa da salansa, ko wadda aka canza wa injin filtar ta zo tana gugar ƙarfe. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, kwalliya ce kawai mai tsada.

Ɗauke filta yana da wani tarko da faifai ba shi da shi. Mai yana fitowa daga injin ta ramukan gefe ne, ya koma ta tsakiya. Cikin filta akwai robar da ke hana shi komawa baya. In yaron gareji ya juya tiyo biyun, robar nan za ta toshe hanya, injin ya tashi ba mai. Shi ya sa ake bin alamar shiga da fita a jikin murfin, kuma filta ce farko, sannan lagireto.

Duk wadda ka zaɓa, ka nemi mai tamastat a ciki, wanda ke buɗewa wajen digiri 80 zuwa 85. Na san za a ce ina ruwan Katsina da sanyi, amma wanda ya taɓa tayar da mota da asuba a watan Janairu ya san hunturu. Man da bai yi zafi ba ba ya fitar da danshi da fetur ɗin da ke sauka cikinsa, sai ya yi kauri ya zama dagwalo.

Tiredin filtar Corolla ɗinka 3/4-16 ne, na Honda kuwa M20x1.5, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne, don haka ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da tsohuwar filtarka a hannu. Masu Corolla daga 2009 da ke da filtar takarda a cikin kofi, faifan nan ba ya hawa sai da wani mahaɗi na daban. Tiyo ya zama AN10, faɗin cikinsa kusan milimita 14 zuwa 16, ba tiyon ruwa da kilif ba. Masu matse tiyon tifa da katafila suna iya yi maka, amma ka karanta jikin tiyon, da yawa iyakarsu digiri 100 ne, kai kuma mai jure 150 kake so. Kada ka yarda da lagireton man giya, hanyoyinsa sun yi ƙanana. Na Beljiyam ma ni ban yarda da shi ba, don in daga injin da ya yi nokin aka ciro shi, ɓurɓushin ƙarfe na nan ciki, wanki ba ya fitar da shi duka.

Ga motarka, faifai mai tamastat da lagireto mai layi 13 sun isa. Ka ƙara mai kamar rabin lita zuwa lita ɗaya, a cire fiyus na famfon fetur a yi ta ba ta sitata har fitilar mai ta mutu kafin a tayar da ita, sannan a bar ta ta yi zafi a bi bakin tiyo ɗaya bayan ɗaya da farin ƙyalle. Duk juye a hura wa lagireton iska ta baya, don ƙurar hanyar Daura ba ta daɗewa take cike tsakanin layukan.