Tes, manhaja ko makulli: wanne ya dace da masu aiki daga gida?

Ma'aikaci yana gida a Kubwa ko Lugbe, ya buɗe VPN, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfutocin ofis ta amintacciyar hanya, ya sa kalmar sirri daidai, amma ƙofar ofis ta ƙi buɗuwa. Galibi laifin na mataki na biyu ne, shaidar da ke tabbatar da cewa shi ɗin ne. Kafin ku kashe kuɗi, ku san inda kowace hanya take tuntuɓe.

Lambar da ke zuwa ta tes ba ta da wuyar farawa, amma ita ce mafi rauni. Sabis ya yi ƙasa, saƙo ya iso bayan lambar ta mutu. Ɓarawo kuma yana iya sa a sabunta masa sim da layin wani.

Manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator kyauta ce, ita muka fi so ga yawancin ma'aikata. Lambarta mai alƙaluma 6 ba ta cin data, waya ce ke lissafa ta daga agogonta, tana canzawa duk daƙiƙa 30. To a nan gizo ke saƙa. Agogo ya kauce da minti biyu kacal, kowace lamba sai a ce ba daidai ba, mutum ya yi ta maimaitawa har a kulle masa asusu. Gyaran ba wuya: a shiga saitin waya, a bar lokaci ya riƙa daidaita kansa. Idan kuwa sanarwa ce ake dannawa a amince, tana buƙatar data, kuma injiniya ya ba VPN aƙalla daƙiƙa 60 na jira, in ba haka ba zai katse tun mutum yana laluben wayarsa.

Makulli irin YubiKey, wato 'yar na'urar da ake soka wa kwamfuta don tabbatar da mai shiga, ya fi tsada, amma ba ruwansa da batir ko sabis, shafin bogi ma ba ya yaudararsa. A 2018 Google ya ce tun da ya wajabta shi a 2017 ba a ƙwace asusun ma'aikacinsa ko ɗaya ba ta saƙon damfara. Akanta da masu riƙe da sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke adana bayanansa, su ne suka cancance shi.

Sai dai kafin ku nufi Banex, kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ke Wuse 2 a Abuja, ku tabbatar VPN ɗinku yana karɓar FIDO2, tsarin da irin wannan makulli ke aiki da shi, domin tsofaffi da yawa ba sa yi. Ku duba bakin kwamfutocin, USB-A ne ko USB-C. Ku sayi biyu ga kowane mutum, a yi musu rajista rana guda, ɗaya ya zauna a kulle a ofis.