Gargaɗi ga masu mota mai turbo: shuɗin hayaƙi ya zama hanyar damfara

Jama'a, da ɓacin rai nake rubuta wannan, domin ƙanina aka cuta, kuma ba na so wani ya sake faɗawa.

Motarsa ce ta fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa. Ya kai ta wani gareji. Bakaniken ko ƙusa ɗaya bai kwance ba, totur kawai ya taka sau biyu ya ce: "Alhaji, turbo ya tafi. Amma ka taki sa'a, akwai mai sabo dal a kwali, bari in kira shi." Aka biya kuɗi masu nauyi, aka ɗaura. Ba a rufa mako biyu ba hayaƙi ya dawo. Da muka kai wa wani dattijon bakanike ya kwance, ashe tsohon turbo ne aka wanke da fetur, aka fesa masa fenti, aka sa a kwali. Na ƙanina kuwa sun riƙe, wai ya zama kwandem. Ba na shakkar shi za a wanke a sayar wa na gaba.

Abin da ya fi ƙona min rai, ciwon motar ƙarami ne. Bututun da ke mayar da baƙin mai daga turbo zuwa ƙasan inji ne ya toshe da dauɗa. Turbo, wato abin da ke tura ƙarin iska cikin inji da farfela, yana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, don haka mai yana shiga cikinsa da ƙarfi, amma gangarowa kawai yake yi wajen fita. In hanyar fitar ta toshe, dole man ya taru ya tsallake sil, wato abin da ke tare mai kada ya yi yoyo, ya faɗa salansa, ko da turbon lafiyarsa ƙalau. Haka ma in bawul ɗin da ke fitar da tururi daga cikin inji ya toshe, ko aka cika baƙin mai ya wuce alamar geji, ko matatar iska ta cushe da ƙurar hunturu har turbo ya riƙa zuƙo mai. Duk waɗannan suna kawo shuɗin hayaƙi, kuma babu mai buƙatar sabon turbo a cikinsu.

Shuɗi dai alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa. Ta ina ya shiga, shi ne abin nema. Ku lura da lokacin da yake fita. In da safe ne da an tayar, sai ya ɗauke bayan ɗan lokaci, galibi sil ɗin bawul ne ya bushe. In kullum yana nan, yana ƙaruwa da an taka totur, mota kuma ta rage ƙarfi, a zargi ringin fistin, a sa na'ura a auna matsin kowace silinda kafin a ce komai.

Shi kansa turbon ana gwada shi a gabanka. A cire tiyon iska bayan inji ya huce, a kama sandar farfelar da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin farfela ba ta gogar jikin gidanta. In tana shiga tana fita, ko fikafikanta sun gutsure, to nan ne ya tafi da gaske. Kuma kada a nuna maka ɗan maiƙo a cikin tiyo a tsorata ka, kusan kowace mota mai turbo tana da shi.

Masu motar dizal, ku kam kada ku yi ta yawo da hayaƙin: in mai ya yi yawa a hanyar iska, inji yana iya cin man ya yi ta gudu ko an kashe makulli.

In har ta kama a canza, a buɗe kwalin a gabanka, ka duba lambar da ke jikin ƙarfen ta dace da ta motarka, a rubuta maka rasit, a wanke ko a sauya bututun mai duka biyu, na shiga da na fita, sannan ka ɗauki tsohon naka ka sa a but. Ƙanina har yau bai ga nasa ba, kuma bakaniken ya daina ɗaga wayarsa.