ORM ko SQL na hannu: wanne zai sauke wa shafinka nauyi?

Ɗan'uwa, ka ce shafin jerin ɗalibai a manhajar makarantar da ka gina da Django (tsarin gina shafukan intanet da yaren Python) ya fara jan ƙafa, kana tambaya ko ka watsar da ORM, wato sashen Django da ke rubuta maka tambayoyin rumbun bayanai, ka koma rubuta SQL, yaren waɗannan tambayoyin, da hannunka. Kada ka yi gaggawa. Saka Django Debug Toolbar, kayan aikin da ke nuna abin da shafi ke yi a bayan fage, ka ƙirga tambayoyin da shafin ke aika wa rumbun bayanai. Ina kyautata zaton in ɗaliban 500 ne, za ka ga tambaya 501. Guda ɗaya ta kwaso ɗaliban, sannan duk inda ka rubuta dalibi.aji.suna a cikin madauki (loop) mai bin ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, sai ORM ya koma rumbu ya tambayo ajin yaro ɗaya tak. Tamkar a aiki yaro kasuwa sau 500 ne, kowace tafiya ya dawo da albasa ɗaya. 'Yan sana'a na ce wa wannan N+1. Lokacin gwaji ba ka ji nauyin ba, don ɗalibai goma ka zuba.

Maganin layi ɗaya ne, kuma a cikin ORM ɗin yake: select_related("aji") zai mayar da su tambaya ɗaya mai JOIN, wato mai haɗa teburin ɗalibai da na aji. In kowane ɗalibi darussa da yawa gare shi, prefetch_related ake sawa, ya zama tambaya biyu. Masu Laravel, takwaran Django a yaren PHP, su nemi with().

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ORM ya ba ka lissafin ƙarya cikin natsuwa. A ce yaro ya biya kuɗin makaranta sau 3, yana da darasi 8, ka haɗa Count biyu, ɗaya mai ƙirga biyan kuɗi ɗaya mai ƙirga darussa, a annotate guda, wato umarnin da ke liƙa wa kowane ɗalibi lissafinsa. Teburan za su ninka juna, kowane lissafi ya fito 24, ba kuwa wani saƙon kuskure. distinct=True, mai watsar da abin da aka maimaita, na gyara Count. Ga Sum mai tara jimilla kuwa, distinct=True ɗin tarko ne: in yaron ya biya naira 20,000 sau biyu, sau ɗaya zai lissafa. Akanta zai gano kafin kai, kuma ba da fara'a ba.

SQL na hannu ba ya ɓoye maka komai, abin da ka rubuta shi ke tafiya. Sai dai wahalarsa taka ce. Ka liƙa abin da mutum ya buga a akwatin bincike kai tsaye cikin tambaya, ka buɗe wa ɓarawo ƙofar rumbu, alhali ORM na toshe wannan da kansa. Ka sauya sunan wani ginshiƙi, sai ka bi tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya kana gyara.

Da ni ne, rajista da gyaran suna da jerin ɗalibai zan bar wa ORM. Rahoton kuɗin ƙarshen zango kuwa da hannu zan rubuta, in gwada shi da EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda tambaya ta gudana da lokacin da ta ci, a rumbun PostgreSQL. Ƙirga tambayoyin nan tukuna, ka faɗa mana nawa suka fito.