Wane maganin sauro ya kamata ka saya a Legas?

Da zarar damina ta kankama a Legas, kwatoci suka cika suka tumbatsa, teburin mai maganin sauro ya fi na kowa ciniki. A nan Agege inda nake zaune, bayan sallar magariba za ka ga an yi cirko-cirko a gabansa: wannan ya ɗauki na kunnawa, wancan na gwangwani, wani kuma ya miƙa canji a zuba masa fiya-fiya a tsohuwar robar ruwa. Kwanan baya matar maƙwabcina ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah wanne ne ba zai cutar min da yara ba?" Amsar da na ba ta a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Duk magungunan nan dangi ɗaya ne a wurin masana sinadarai, wato sinadarai masu ɗauke da kabon, sinadarin nan da ke cikin gawayi. Cikin dangin nan sukari yake, da man gyaɗa, da fetur, da farasitamol ɗin da ke aljihunka. Kasancewar abu ɗan dangin ba ta nuna alheri ko sharrinsa. Abin dubawa shi ne wane sinadari ne, nawa ne yawansa, kuma ta ina zai shiga jikin mutum.

Zan fara da fiya-fiya domin ita ce ta fi damuna. Abin da ke kashe sauro a cikinta, mafi yawan lokaci, shi ne sinadarin da ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, shi ne kuma ke cikin Sniper. Maganin ƙwarin gona ne, masu haɗawa suke tsinka shi da kananzir ko wani abu, babu awo babu takarda. A jikin ƙwaro da na ɗan Adam akwai wani sinadari da ke share saƙon da jijiya ta aika wa tsoka bayan saƙon ya isa. DDVP shi yake toshewa, sai saƙon ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa. Abin da ke kayar da sauro ke nan, kuma shi ne ke faruwa da yaron da ya shaƙa da yawa ko ya kurɓa: yawu na dalala, hawaye, gumi, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Ba sai an sha ba, yana ratsa fata, yana kuma bin iska.

Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani, masu mililita 100 zuwa ƙasa. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an yi ta samun ragowar sinadarin nan a cikinsa fiye da ƙa'ida. 'Yan'uwanmu masu hatsi a kasuwar Mile 12 sun san zancen, kuma buhun nan mai ninki uku da ba ya shan iska yana kashe ƙwaron wake ba tare da ɗigon magani ba. To abin da ake gudu a cikin buhun wake, yaya za a yayyafa shi a ƙarƙashin katifar jariri? Mu da muke ɗaki ɗaya, a nan ake girki, a nan ake kwana, taga ɗaya tak. Robar da ake zuba fiya-fiyar kuma irin wadda yaro ya saba shan ruwa a ciki ce. Ni ban yarda a saye ta ba ko da kyauta ake ƙarawa.

Idan tsautsayi ya gitta, a fitar da mutum wurin iska, a tuɓe kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatar da sabulu da ruwa, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin kananzir ɗin na iya faɗawa huhu. Likitoci na da allurar atrofin da suke yi wa irin wannan guba, kuma saurin zuwa shi ne rabin maganin.

Na kunnawa da na gwangwani, wanda muke ce wa sheltos ko wane kamfani ne ya yi shi, galibi iyali ɗaya ne. An kwaikwayo su ne daga wani sinadari da ke cikin wani farin fure da aka daɗe ana nomawa a Kenya. Idan ka juya gwangwanin ka ga sunan sinadarin ya ƙare da haruffan "thrin", to su ne. Hantar mutum na saurin narkar da su, shi ya sa haɗarinsu bai kai na DDVP ba ko kusa. Amma mai kiwon kyanwa ko kifi ya kiyaye, domin su ba sa jure su.

Matsalar na kunnawa ta fi yawa a hayaƙinsa. Yana da arha, yana kai wajen awa takwas yana ci, sai dai wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa ƙananan ƙwayoyin hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa sun kai na taba sigari 75 zuwa 137. Ka auna wannan a ɗakin da aka kulle ƙofa da taga, ga mai asma ko jariri a kwance. A tsakar gida, ko bakin shago inda ake hira iska na kaɗawa, yana da amfani. A kusa da labule ko katifa kuwa gobara ce ake gayyata.

Na gwangwani ya fi tsabta idan an bi ƙa'idarsa. A rufe abinci da ruwan sha, kowa ya fita, a fesa, a ja ƙofa na tsawon lokacin da aka rubuta a jiki, sannan a buɗe iska ta ratsa kafin a shiga. Iskar da ke tura maganin irin ta gas ɗin girki ce, don haka a kashe risho da kyandir tukuna. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Rauninsa shi ne sauron da ke ɗaki a lokacin kawai yake kashewa, wanda ya shigo ƙarfe biyun dare ya tsira, ga shi gwangwani ba ya daɗewa. Na maƙalawa a soket kuwa amfaninsa na tafiya ne da wutar unguwarku.

Man shafawa ba ya kashe sauro, korar sa yake yi. Wanda ya fi shahara shi ne mai DEET, sinadarin da aka samar a Amurka don sojoji a 1946. Wannan shi ne na masu gadi, da direbobin tirela da ke kwana a layin Apapa, da masu kwana a rumfar kasuwa, duk wanda dare ke riska a waje. A shafa a inda tufafi bai rufe ba, ban da ido da baki da rauni. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, kuma ba a shafa wa yaro a tafin hannu saboda hannun bakinsa zai kai.

Tunda ana zancen jarirai, bari in ratsa da maganar kafur, farin dunƙulen nan da mata ke sawa a akwatin kaya. Sinadarinsa na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin G6PD (wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini), matsalar da ta yawaita a Najeriya, har ya jawo shawara mai tsanani. A raba shi da kayan jego gaba ɗaya.

Wanda zan sa kuɗina a kansa kafin komai shi ne gidan sauro mai magani. Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya da dare ya fi cizo, lokacin da mutum ya yi barci ba ya iya kore shi, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Najeriya suke. Gidan sauro aiki biyu yake yi: shinge ne, kuma sauron da ya sauka a kansa ya taɓa magani. Maganin yana cikin zaren, ba ya cika ɗaki balle ka kwana kana shaƙa. Nagari na kai kimanin shekara uku, yana jure wanki wajen sau 20. Saboda sauro a wurare da dama ya fara jure tsohon maganin, yanzu ana yin waɗanda aka ƙara wa wani sinadari mai suna PBO, wanda ke hana jikin sauron narkar da maganin. In ka ga haruffan nan a jikin leda, shi za ka fifita.

Na san ƙorafin mutane, zafi da ƙaiƙayin fuska. Zafin Legas a ɗakin da babu fanka ba abin rainawa ba ne, ba zan musa ba. Ƙaiƙayin kuwa yawanci na sabon gidan sauro ne da aka ciro daga leda aka shiga a daren. A shanya shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin a ɗaura. A wanke shi da sabulu mai sauƙi ba bilic ba, a shanya a inuwa domin rana na kashe ƙarfin maganin. Mai juna biyu ta tambaya a wurin awo, ana rabawa kyauta a wasu lokutan.

Da na koma wurin matar maƙwabcina, abin da na ce mata shi ne, "Maman yara, ki fara da gidan sauro biyu, naki da na yaran. In kuɗi ya ragu a sa raga a taga. Gwangwani ɗaya ya isa, na ranar da sauro ya yi yawa, ki fesa suna makarantar allo." Na kuma roƙe ta ta duba gidan sauron duk ranar Juma'a, inda ya yage ta sa allura da zare ta ɗinke, da dare kuma ta cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe.